Tambayoyi da Amsoshi Kan Arashi da Ɓoyayyar Ma'ana a Cikin Sunaye da Ranaku

Mene ne bambanci tsakanin arashi da ɓoyayyar ma'ana?

Arashi shi ne abubuwa biyu su haɗu ba tare da wani ya shirya haɗuwarsu ba, abin da ake cewa faɗuwa ta zo daidai da zama. An haifi Abraham Lincoln, shugaban Amurka, da Charles Darwin, masanin kimiyya na Ingila, a rana ɗaya, wato 12 ga Fabrairun 1809, kuma wannan gaskiya ce da babu mai musunta ta. Haka nan John Adams da Thomas Jefferson, shugabannin Amurka na biyu da na uku, sun rasu a rana ɗaya, 4 ga Yulin 1826, ranar da ƙasarsu ta cika shekara 50 da ayyana 'yancin kanta. Ɓoyayyar ma'ana kuwa mataki ne na gaba, inda mutum zai ce haɗuwar tana ɗauke da saƙo, ko tana nuna abin da zai faru, ko tana bayyana halin wani. Magana ta farko ana tabbatar da ita daga rubutaccen tarihi, amma ta biyu da'awa ce, kuma hujja tana kan wanda ya yi ta. Yawancin ruɗanin da ake shiga yana zuwa ne daga ɗaukar tabbacin magana ta farko a jingina wa ta biyu.

Me ya sa ake yawan samun mutum biyu masu ranar haihuwa ɗaya a cikin ƙaramin taro?

Saboda damar haɗuwar ta fi yadda zuciya take kintatawa nesa ba kusa ba. Idan mutum 23 suka zauna a ɗaki ɗaya, yiwuwar a sami biyu daga cikinsu da suka haɗa rana da watan haihuwa ta ɗan haura kashi 50 cikin ɗari, idan kuma suka kai 57 yiwuwar ta kai kashi 99. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne kowa yana auna lamarin da kansa, yana tambayar ko akwai wanda ya haɗa rana da shi, alhali kuwa tambayar ta shafi kowane mutum biyu da za a iya haɗawa a cikin ɗakin. A cikin mutum 23 ana iya fitar da bibbiyu har sau 253, kuma kowane ɗaya daga ciki dama ce ta daban. Game da ranakun mako kuwa abin ya fi sauƙi, domin duk inda mutum takwas suka taru dole ne biyu daga cikinsu su haɗa ranar haihuwa, tunda ranakun bakwai ne kawai.

Akwai kuma batun yawan jama'a. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 a watan Nuwamban 2022, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da yake samun mutum ɗaya cikin miliyan a kowace rana zai sami kimanin mutum 8,000 kafin gari ya sake wayewa, kuma kowane ɗayansu zai ba da labari da gaskiyarsa cewa wani abin al'ajabi ya same shi. Mu kuma labarin waɗannan muke ji, ba ma jin na sauran da ranarsu ta wuce lami lafiya.

To yaya za a bayyana jerin kamannin da ke tsakanin Lincoln da Kennedy?

Wannan jeri ya daɗe yana yawo tun bayan kisan shugaban Amurka John Kennedy a 1963, kuma ya cancanci a tsaya a kansa domin yana nuna yadda ake gina irin waɗannan abubuwa. Wani sashensa gaskiya ne. An zaɓi Lincoln zuwa majalisar wakilai a 1846, aka zaɓi Kennedy a 1946. Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1860, Kennedy ya ci a 1960. Dukansu an harbe su a ranar Juma'a, kuma waɗanda suka gaje su duk suna ɗauke da sunan Johnson, ɗaya an haife shi a 1808, ɗayan a 1908.

Wani sashen kuma gyara shi aka yi domin ya dace. Ana cewa Lincoln yana da sakatare mai suna Kennedy, amma sakatarorinsa da tarihi ya sani su ne John Nicolay da John Hay, ko da yake gaskiya ne sakatariyar Kennedy sunanta Evelyn Lincoln. Ana cewa wanda ya kashe Lincoln an haife shi a 1839 domin ya yi daidai da 1939 ta wanda ake tuhuma da kashe Kennedy, alhali a 1838 aka haife shi. Sannan akwai abin da jerin ya yi shiru a kansa: an haifi Lincoln a 1809, Kennedy a 1917, ɗaya ya rasu a watan Afrilu yana da shekara 56, ɗayan a watan Nuwamba yana da 46, ɗaya ya sake cin zaɓe karo na biyu, ɗayan bai kammala wa'adin farko ba. Tazarar shekara ɗari tsakanin zaɓukan ma ba ta da wuyar samuwa, tunda duk shekara huɗu ake zaɓen shugaba a Amurka, kuma huɗu tana raba ɗari ba saura. Duk wanda ya ɗauki rayuwar mutum biyu, wadda kowacce ta ƙunshi dubban bayanai, ya ware goma da suka yi kama ya zubar da sauran, zai fito da jeri mai ɗaukar hankali. Mai nema yana tare da samu, musamman idan bai faɗi abin da yake nema ba tun farko.

Yaya lissafin haruffa na abajada yake aiki, kuma daga ina 786 ta samo asali?

A tsarin abajada kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Alif yana da 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa ya mai 10, daga nan a riƙa hawa da goma-goma zuwa ƙaf mai 100, sannan da ɗari-ɗari har a kai 1,000. Ibraniyawa da Girkawa ma suna da irin wannan tsari, domin kafin alƙaluman da muke amfani da su yanzu su yaɗu, da haruffa ake rubuta lambobi. Idan aka tara haruffan Basmala, wato Bismillahir Rahmanir Rahim, kalma ta farko tana ba da 102, ta biyu 66, ta uku 329, ta huɗu 289, jimla 786, kuma wannan ne dalilin da ya sa wasu, musamman a Indiya da Pakistan, suke rubuta wannan lamba a saman takarda.

Sai dai abajada iri biyu ce, ta Gabas da ta Magrib, wato ta ƙasashen arewa maso yammacin Afirka, kuma sun saɓa a kan haruffa shida. Harafin sin yana da 60 a ta Gabas, amma 300 ne a ta Magrib, shin kuma 300 ne a Gabas, 1,000 a Magrib. Saboda haka wanda ya lissafa Basmala da tsarin Magrib zai sami 1,026, ba 786 ba. Jumlar ba ta canza ba, ma'anarta da darajarta suna nan yadda suke, abin da ya canza shi ne ma'aunin da mutane suka yarda su yi amfani da shi. A ganina wannan misali shi kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar tana zaune ne a cikin yarjejeniyar masu lissafi, ba a cikin kalmar ba.

Amma ai marubuta sun daɗe suna ɓoye shekara a cikin kalma. Wannan ba hujja ba ce cewa akwai ɓoyayyar ma'ana?

Hujja ce cewa mutum yana iya saka ma'ana da gangan, kuma wannan fasaha ce mai daraja da ake kira ramzi. Mawaƙi ko magini yakan zaɓi kalma wadda jimlar haruffanta ta yi daidai da shekarar da ya kammala aikinsa, mai karatu kuma da ya san ƙa'idar sai ya warware ta ya sami tarihin. Shahararren misali shi ne cin birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, da Daular Usmaniyya ta yi a 1453, wadda ta yi daidai da 857 ta Hijira. An yi wa shekarar ramzi da kalmomi biyu na Alƙur'ani, "baldatun ɗayyibatun", wato gari mai daɗin zama, inda ta farko take ba da 436, ta biyu 421, jimla 857.

Abin lura shi ne lissafin yana fitowa ne kawai idan aka ba ta-kuri ta ƙarshen kowace kalma 400. Idan aka ɗauke ta a matsayin ha mai 5, kamar yadda wasu masu lissafi suke yi, jimlar 67 ce. Wanda ya zaɓi ramzin ya san shekarar tun farko, ya nemi kalmar da ta dace da ita, kuma bai yaudari kowa ba. Matsala tana farawa ne lokacin da wani ya juya lamarin, ya ce kalmar ce ta yi hasashen shekarar, ko ya ɗauki sunan da iyaye suka raɗa ba tare da tunanin wata lamba ba ya ce zai ciro makomar mai sunan daga ciki.

Shin ranar da abu ya faru ba tabbatacciya ba ce? Me zai sa a yi shakkar haɗuwar ranaku?

Ranar tabbatacciya ce, amma lambar da aka ba ta ta danganta da kalandar da ake riƙe da ita. A 1582 ƙasashen da suka bi gyaran Paparoma Gregory na 13 sun kwana a 4 ga Oktoba suka wayi gari a 15 ga wata. Ingila ba ta bi sahu ba sai a 1752, Rasha kuwa sai a 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ya faɗo a 7 ga Nuwamban 1917 a kalandar yau. Ana yawan cewa marubuta biyu, William Shakespeare na Ingila da Miguel de Cervantes na Sifaniya, sun rasu a rana ɗaya, 23 ga Afrilun 1616. Gaskiyar ita ce ƙasashen biyu suna kan kalanda daban-daban a lokacin, ranar Shakespeare ta yi daidai da 3 ga Mayu a lissafin Sifaniya, Cervantes kuma a 22 ga wata ya rasu aka binne shi a 23.

Shekarar Hijira tana da kwana 354 ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka duk shekara 33 ko kusa da haka watanninta suna kewaye shekarar Miladiyya su dawo. Wannan ne ya sa Ramadan ya kama sau biyu a cikin 1997, kuma lissafi ya nuna zai sake yin haka a 2030, ba don wata alama ba sai don tazarar da ke tsakanin tafiyar wata da ta rana. Ko tsarin rubuta kwanan wata ya bambanta, domin abin da Amurkawa suke rubutawa 9/11 wasu 11/9 suke rubuta shi.

Akwai wani saƙo da yake yawo a wayoyi yana cewa wata kaza yana da Juma'a biyar, Asabar biyar da Lahadi biyar, kuma wai hakan ba ya faruwa sai bayan shekara 823. Duk wanda ya buɗe kalanda zai ga cewa kowane wata mai kwana 31 da ya fara a ranar Juma'a haka yake. Yulin 2011 haka ya zo, haka Yulin 2016, haka kuma Yulin 2022.

Akwai ranakun da manyan al'amura suka yi ta maimaituwa a cikinsu. Duk arashi ne?

Ba duka ba, domin mutane da kansu suna zaɓen ranaku. An buɗe gasar Olamfik ta birnin Beijing da ƙarfe 8 na dare a ranar 8 ga watan 8 na 2008 saboda Sinawa suna kallon takwas a matsayin lambar arziki. Tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya ta fara aiki da ƙarfe 11 na ranar 11 ga watan 11 na 1918 saboda haka aka tsara a yarjejeniyar da aka sa wa hannu da asubar ranar. A Jamus, 9 ga Nuwamba ta ga faɗuwar sarauta a 1918, da murƙushe yunƙurin juyin mulkin Hitler a 1923, da farmakin da aka kai wa Yahudawa a 1938, da buɗe katangar Berlin a 1989. Na 1938 yana da alaƙa da na 1923, domin a daren ne shugabannin jam'iyyar Nazi suka taru a Munich don tunawa da yunƙurin nasu, amma na 1989 ya biyo bayan wata sanarwa ce da wani jami'in Jamus ta Gabas ya yi a gaban 'yan jarida. Kafin a nemi sirri a cikin rana, ya kamata a fara tambayar ko akwai wanda ya zaɓe ta.

An ce suna linzami ne. Shin suna yana juya rayuwar mai shi?

Yana da tasiri, amma ta hanyar da ake gani. Yaron da aka raɗa wa sunan wani mutumin kirki yana tasowa yana jin labarinsa, ana tuna masa da shi idan ya yi kuskure, kuma wannan tarbiyya ce da take shiga jiki a hankali. Suna mai muni kuma yana jawo wa mai shi tsokana da ƙunci. A 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Beljiyam, Jozef Nuttin, ya nuna cewa mutane suna fifita haruffan da ke cikin sunayensu a kan sauran haruffa ba tare da sun lura ba. Wannan duk tasirin ma'ana ne da sabo. Adadin haruffa kuwa ba shi da tsayayyen matsayi, domin Yusuf haruffa biyar ne, Yusufu shida, a rubutun Larabci kuma huɗu, alhali mutum ɗaya ne ake kira yana amsawa.

Me ya sa idan aka lissafa sunana aka faɗa mini halina nake ganin an dace?

Saboda maganganun da ake faɗa sun dace da kusan kowa. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda a kan cewa sakamakonsa ne shi kaɗai, ya ce su auna dacewarta daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin da suka bayar ya haura huɗu, alhali takarda iri ɗaya ya raba musu duka, mai ɗauke da jumloli irin su cewa kana son mutane su ƙaunace ka, kana yawan zargin kanka, kuma kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba. Mai sauraro shi ne yake cike giɓin da abubuwan da suka faru a rayuwarsa, ya riƙe abin da ya dace, ya manta da wanda bai dace ba. Wannan ba alamar ƙarancin hankali ba ce, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam an gina ta ne a kan gano tsari, kuma da wannan baiwa muke gane fuska da murya da sauyin yanayi. Baiwar ce wani lokaci take wuce gona da iri.

Mene ne matsayin Musulunci a kan wannan?

Musulunci ya kula da ma'anar suna ta zahiri. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunaye masu mummunar ma'ana, kamar yadda ya mayar da wata mai suna Asiya, da harafin ain da sad, wato mai saɓo, ta koma Jamila. Yana kuma son kyakkyawan fata, domin a ranar sulhun Hudaibiyya da Suhailu ɗan Amru ya iso a matsayin wakilin Ƙuraishawa, ya yi wa sahabbai fatan cewa lamarinsu ya sauƙaƙa, saboda sunan ya fito ne daga kalmar sauƙi. Sai dai ya hana camfi, ya kore shu'umcin da Larabawa suke jingina wa watan Safar, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan zuwa wurin masu da'awar sanin gaibu.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a wannan babi shi ne abin da ya faru a shekara ta 10 bayan Hijira, ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka kuma yi kusufin rana. Mutane suka ce rana ta yi kusufi ne saboda rasuwar yaron. Ga uba a cikin baƙin ciki, ga arashin da zai ƙara masa girma a idon jama'a da ya yi shiru, amma ya tashi ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a idan suka ga hakan.

Ko a kan Alƙur'ani an ga inda son lamba ya kai mutum. Rashad Khalifa, wanda ya yi da'awar cewa an gina littafin gaba ɗaya a kan lamba 19, ya ƙare da ƙaryata ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba saboda sun ɓata masa lissafi, malamai kuma suka yi watsi da da'awarsa.

Wane lahani ke cikin abin, idan mutum yana yinsa don nishaɗi kawai?

Babu laifi mutum ya ji daɗin cewa ya haɗa ranar haihuwa da kakarsa, ko ya yi mamakin yadda sunayen 'ya'yansa suka fara da harafi ɗaya. Lahanin yana zuwa ne lokacin da aka ɗora hukunci a kai. Mabiyan William Miller a Amurka sun dogara da lissafin shekaru suka jira ƙarshen zamani a 22 ga Oktoban 1844, wasunsu har sun bar amfanin gonarsu ba girbi. An sake irin wannan jira a 21 ga Mayun 2011, sannan a 21 ga Disamban 2012 bisa kuskuren fahimtar tsohuwar kalandar mutanen Maya na Amurka ta Tsakiya.

Wanda ya fi kusa da rayuwar yau da kullum shi ne auna dacewar aure da sunaye, inda ake tara adadin sunan namiji da na mace, a yi ta zubar da tara-tara, abin da ya rage a ce shi ne hukunci. A ɗauki Musa da Fatima. Musa yana ba da 116 a abajadar Gabas, 356 a ta Magrib. Fatima tana ba da 135 idan ta-kuri 5 ce, 530 idan 400 ce. Idan aka haɗa aka zubar da tara-tara, ragowar tana iya zama 8, ko 7, ko 5, ko 4, gwargwadon littafin da ke hannun mai lissafin. Na san wata baiwar Allah da aka fasa aurenta da mutumin da ta yarda da addininsa da halinsa saboda irin wannan ragowa, kuma har yau ina jin zafin cewa babu wanda ya tambaya a ranar ko da wace abajada aka yi lissafin.

Idan wani ya kawo mini irin wannan lissafi, ta yaya zan gwada shi?

Ka fara da tabbatar da bayanan ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa za ka tarar an matsar da shekara ko an sauya rubutun suna. Daga nan ka tambaye shi ƙa'idarsa kafin ya san amsar: wace abajada, wace kalanda, ana ƙirga shadda ko ba a ƙirgawa, sunan yanka ne ko wanda aka fi sanin mutum da shi. Idan ƙa'idar tana sauyawa daga misali zuwa misali, to amsar ce take jan lissafin. Sannan ka ɗauki ƙa'idar nan ka gwada ta a kan abin da ba shi da alaƙa da maganar. Haka masanin lissafi Brendan McKay na ƙasar Ostareliya ya yi bayan da wani ɗan jarida ya yi da'awa a 1997 cewa ya gano hasashen kisan shugabanni a cikin Attaura ta hanyar tsallake haruffa. McKay ya bi hanyar nan a cikin wani littafin ƙagaggen labari na Turanci da aka buga a 1851, ya fito da sunayen Lincoln da Kennedy da Indira Gandhi, tsohuwar firaministar Indiya, tare da kalmomin da suka shafi kisansu. Gwaji na ƙarshe shi ne ka nemi mai lissafin ya rubuta hasashensa a takarda, da rana da suna a fayyace, a ajiye a hannun wani na uku, a buɗe bayan lokacin ya wuce, sannan a ƙirga waɗanda suka faɗa daidai tare da waɗanda suka kuskure.